Daminar Arewa A Tekun Gini Ake Ƙulla Ta

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa. In bazara ta tsananta, gabas ake duba da la'asar, domin can ne gari yake fara yin baƙi, can ne kuma iska take taso da ƙura kafin ruwa ya sauko. Saboda haka idan aka ce wa mutumin Ɗambatta ko na Illela ruwan da ya jiƙa masa gona daga kudu ya zo, daga wani teku da ke bayan Ikko wanda bai taɓa gani ba, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka wasa ake yi masa. To, amma haka al'amarin yake. Hadarin kansa lalle daga gabas yake tafiya zuwa yamma, don kuwa iskar da ke can sama ita ke kora shi. Amma damshin da yake zubarwa, babban rabonsa wata iska ce mai bin ƙasa-ƙasa ta kwaso shi daga kudu maso yamma, watau daga wannan yanki na Tekun Atlantika da ake kira Mashigin Tekun Gini.

Idan mai karatu ya dubi taswirar Afirka zai ga inda ƙasar ta lanƙwashe kamar hammata, tsakanin Afirka ta Yamma da Afirka ta Tsakiya. Ruwan da ya cika wannan lungu shi ne Tekun Gini. Masu zana taswirar teku sun yanka masa iyaka daga tsinin Palmas a ƙasar Laberiya zuwa tsinin Lopez a ƙasar Gabon, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita miliyan 2. Nijeriya tana da gaɓar da ta kai kilomita 853 a bakinsa. A cikinsa ne layin da ya raba duniya kudu da arewa ya haɗu da layin da ya raba ta gabas da yamma, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Gana, a tsakiyar ruwa inda babu ko tsibiri. Tsibiransa huɗu da aka fi sani, watau Biyoko da Firinsife da Sawo Tome da Annobon, duk duwatsu ne masu aman wuta da suka tsiro daga ƙasan teku. A jere suke kamar an ja zare, jerin kuma bai tsaya a ruwa ba: ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, ya nausa arewa har tsaunukan Adamawa da na Biu.

Kogin Kwara, bayan ya yi tafiyar kilomita kusan 4,200 ya haɗe da Binuwai a Lakwaja, a nan yake juye ruwansa. Haka ma kogin Bolta na Gana da Sanaga na Kamaru, ga kuma kogin Kwango daga kudu kaɗan. Galibi kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, amma a ƙuryar mashigin, wajen Kalaba da Duwala, ruwan koguna da ruwan sama sukan tsinka shi har ya sauko ƙasa da giram 30. Ba abin mamaki ba ne, tun da yake ƙauyen Debunsha da ke gindin Dutsen Kamaru yana samun ruwan sama kamar milimita 10,000 a shekara, watau fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu.

Shi kansa tekun yana da ranar farawa. A lissafin masana ilmin duwatsu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce Afirka da Amurka ta Kudu manne suke da juna, ƙusurwar ƙasar Barazil tana cikin wannan hammata. Da ƙasar ta tsage, tsagin ya yi rassa uku. Biyu suka buɗe suka zama teku, na ukun ya fara ya fasa, shi ne kwarin da Binuwai ke gudana a ciki yanzu. Daga baya ruwan gishiri ya sha malalowa ta wannan kwari da kuma ta hamada daga arewa, ya kwanta a wuraren da yau ake shuka gero. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da wanda ake fasawa a Ashaka, ana yin siminti da su, ragowar ɓawon halittun teku ne. A ƙasar Sakkwato ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus cikin 1972, don tunawa da Goronyo. Bahaushen da ya gina ɗaki da simintin Sakkwato, a cikin abin da teku ya bari yake kwana.

Sai dai abin da ya fi shafar mai rai a yau shi ne abin da ke faruwa a wannan ruwa kowace shekara daga watan Yuni zuwa Satumba.

Ruwan teku a ƙasashe masu zafi hawa biyu ne. A sama akwai ruwa mai ɗumi, mara nauyi, wanda rana ta gasa. A ƙarƙashinsa akwai ruwa mai sanyi, mai nauyi, wanda ya tara taki, domin duk abin da ya mutu a sama can yake nutsewa ya ruɓe. Na saman yana zaune bisa na ƙasan kamar mai a kan miya, ba su cika gauraya ba. A Tekun Gini wannan bargo na ruwan ɗumi siriri ne ƙwarai, a wurare da dama kaurinsa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba. A watan Maris da Afrilu ɗumin saman ruwan yakan kai digiri 28 zuwa 29. Amma da zarar Yuli ya kama sai bargon ya yaye a wurare biyu: a gaɓar Kwaddibuwa da Gana, da kuma can tsakiyar teku bisa layin da ya raba duniya biyu. Ruwan ƙasa ya taso sama, awon ya faɗi zuwa digiri 23 ko 24, a bakin Gana ma har ya kan yi ƙasa da haka. Duk wanda ya tsoma ƙafa a teku a Takoradi cikin Agusta zai ji bambancin ba sai an auna masa ba.

Wannan tasowar ruwa ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. A Senegal da Muritaniya da Namibiya ma ruwan sanyi yana tasowa, amma can dalilin a fili yake: iska mai ƙarfi ce ke bin gaɓa tana share ruwan sama zuwa cikin teku, na ƙasa ya maye gurbinsa. A Gana kuwa iskar ba ta da irin wannan ƙarfi, kuma ba ta sauyawa sosai tsakanin wata da wata. Cikin 1978 wani masanin teku Ba'amurke, Dennis Moore, da abokan aikinsa suka kawo bayanin da ya ba mutane mamaki. Suka ce a nemi dalilin a ɗaya gefen tekun. Idan iskar da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma ta ƙara ƙarfi a kusa da Barazil wajen watan Mayu, sai ta tura ruwan ɗumi ya taru can. Wannan turi yana ta da wata irin igiya da ba a ganinta a sama, tana tafiya ne a kan iyakar da ke tsakanin ruwan ɗumi da na sanyi. Sai ta bi tsakiyar teku ta nufo gabas, ta yi wata guda ko fiye a hanya, ta bugi gaɓar Afirka, ta karkata ta bi bakin teku, duk inda ta ratsa tana ɗago ruwan sanyi kusa da sama. Wani Bafaranshe, Joël Picaut, ya bi sawun wannan sanyi a awon da aka tara daga tashoshin gaɓa, ya buga sakamakon cikin 1983. Binciken da aka yi daga baya ya ba wasu abubuwa nasu kason, musamman kwararar ruwan nan mai bin gaɓa daga yamma zuwa gabas, wadda ke barin bakin ƙasa idan ta wuce tsinin Palmas, ta bar gurbin da ruwan ƙasa ke cikewa.

Ruwan sanyin nan aiki biyu yake yi, na farko a cikin tukunya, na biyu a gona.

Idan takin da ke ƙasa ya haɗu da hasken rana, sai ƙwayoyin tsirrai da ido ba ya gani su yi yabanya, ruwan ya koma kore-kore. Ƙananan halittu su ci tsirran, ƙananan kifaye su ci halittun. A lokacin ne kifin sadin, wanda masuntan Fanti ke kira eban, yake zuwa kusa da gaɓa garke-garke yana zuba ƙwai. Wannan shi ne kakar masuntan Elmina da Tema da Takoradi, masu kwalekwale fiye da 11,000. Mata su yi bandarsa, 'yan kasuwa su cika kwanduna su haura da shi Kumasi da Tamale, har ƙetaren iyaka zuwa Burkina Faso. Duk Bahaushen zango a Gana ya san shi a miya. Can nesa da gaɓa kuma kifin tuna ne ke bin ruwan sanyin, shi ya mai da Tema da Abijan manyan tashoshin sauke shi a Afirka ta Yamma.

Na gonar kuwa ga yadda yake. A watan Mayu da Yuni hamadar Sahara takan yi zafin da ya wuce misali, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama. A daidai wannan lokaci tekun yana hucewa, iskar da ke kansa tana ƙara nauyi. Iska kuwa daga inda ta yi nauyi take gudu zuwa inda ta yi sauƙi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin hamada da sanyin teku, gwargwadon ƙarfin gudunta da nisan da za ta yi cikin ƙasa. Wasu masana biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun duba awon ruwan sama na shekaru da yawa suka ga cewa damina ba a hankali take rarrafowa arewa ba. Tana daɗewa a bakin teku, wajen Fatakwal da Abijan, sa'an nan cikin 'yan kwanaki cibiyarta ta yi tsalle ta dawo daidai layin Kaduna da Jos da Bauchi. Matsakaicin lokacin wannan tsalle shi ne 24 ga Yuni. Daga nan ne ruwa ke zaunawa sosai a Kano da Katsina da Maraɗi, har a kai ga marka a watan Agusta.

Abin sha'awa shi ne a lokacin da arewa ke cikin marka, mutanen Ikko da Ibadan suna cikin ɗan hutun ruwa da suka saba gani a ƙarshen Yuli da Agusta. Sanyin tekun ne ya danne iskar bakin gaɓa ya hana ta tashi ta haɗa hadari. Wannan sanyi yana cikin dalilan da suka sa birnin Ankara na Gana, duk da yake ƙafarsa a cikin teku take, ruwan da yake samu a shekara bai cika kai milimita 800 ba, watau bai fi na Kano ba, alhali Ikko tana samun ninki biyu na wannan.

To, idan wata shekara ruwan sanyin ya ƙi tasowa fa? Yana faruwa. Masana suna kiransa Ninyo na Atlantika, don kamarsa da babban ɗan'uwansa na Tekun Fasifik. Tekun ya zauna da ɗuminsa, tazarar da ke tsakaninsa da hamada ta ragu, hadari ya samu abin da yake so a bakin teku ya ƙi haurowa. Haka aka yi cikin 1968, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a gaɓa, kuma daga wannan shekara ne aka fara ƙidayar farin Sahel. Haka aka sake yi cikin 1984, ɗaya daga cikin shekarun da Tekun Gini ya fi ɗumi, shekarar da har yanzu dattawa a Nijar da arewacin Nijeriya ba sa son tunawa da ita. Ba kowace shekara lissafin yake fita daidai haka ba, domin Fasifik da Tekun Indiya da Bahar Rum duk suna da hannu a daminar Sahel, wani lokaci hannunsu ya rinjayi na Tekun Gini. Amma ba a yin lissafin ba tare da shi ba.

A nan ya kamata a tsaya a yi wa wasu bayin Allah adalci. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 ruwan sama a Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Da aka tashi neman mai laifi, sai aka nuna makiyayi da manomi da mai saran itace. Cikin 1975 wani shahararren masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, ruwa ya ɗauke. Shi a matsayin abin da za a gwada ya kawo maganar, amma kafin a ankara ta zama hukunci a bakin jami'ai da masu ba da agaji. Aka yi ta faɗa a tarurruka da rediyo cewa talakan Sahel shi ya kori ruwansa da hannunsa.

Tun cikin 1978 Peter Lamb ya nuna cewa shekarun fari suna tafiya tare da wani irin yanayin ɗumin Atlantika. Cikin 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a ofishin yanayi na Ingila suka nuna cewa a shekarun fari tekunan kudancin duniya sun fi na arewaci ɗumi, damina kuwa gefen da ya fi ɗumi take karkata. Cikin 2003 Alessandra Giannini da abokanta biyu suka yi gwajin da ya kashe bakin gardamar. Suka ba kwamfuta awon ɗumin tekunan duniya daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata kome game da shanu ko gatari ba, sai ga shi ta fitar da daminar shekarun 1950 da farin shekarun 1970 da 1980. Wasu binciken kuma suka nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atlantika a wancan zamani. Ba wanda zai ce saran itace barkatai alheri ne. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka raya miliyoyin gawo a gonakinsu sun ga amfanin yin haka da idonsu. Amma Bafillatanin da ya rasa garkensa cikin 1973 aka kuma ɗora masa laifin farin, an yi masa zalunci biyu.

Tekun yana kuma ajiye tarihi. Kowace shekara laka da ɓawon wasu ƙananan halittu suna sauka su kwanta a ƙasansa, sabo a kan tsoho. Masu bincike sukan zura dogon bututu daga jirgi su ciro wannan laka kamar yadda ake zura ƙarfe cikin buhun hatsi don a ga abin da ke ciki. Sinadaran da ke cikin ɓawon suna nuna ɗumin ruwan da halittar ta rayu a ciki, da kuma yawan ruwan kogi da ya gauraya da shi. Cikin 2007 Syee Weldeab da abokan aikinsa suka buga abin da suka karanta a irin wannan laka da aka ciro daf da gaɓar Kamaru, tarihin shekara 155,000. Sun ga damina tana ƙaruwa tana raguwa, kuma duk sa'ad da can arewacin Atlantika wajen Girinlan ya yi sanyi farat ɗaya, kogunan Afirka ta Yamma su ma sai su janye.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Amurka, tekun ya sauka da kusan mita 120. Da ƙafa ake shiga Biyoko daga Kamaru. Hamada kuwa ta gangaro kudu har ta cinye ƙasar Hausa ta arewa. Tuddan rairayin da ke wajen Jahun, irin waɗanda Bahaushe ke kira jigawa har Jihar ta samo sunanta, ragowar wancan zamani ne. Wani Bature masanin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu tun 1958. Sa'an nan al'amari ya juya. Daga kimanin shekara 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, saboda wani ɗan sauyi a yadda duniya ke karkata tana zagaya rana, zafin bazara ya ƙaru a arewacin Afirka, iskar teku ta shiga can ƙuryar Sahara. Aka yi tafkuna da dorinar ruwa da kada a inda yau ko ɗigon ruwa babu. Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, tudun nan da ya ratsa Bama da Maiduguri shi ne bakinsa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya cikin 1987 a yankin da ke Jihar Yobe yanzu, ya kai shekara 8,000, na mutanen wancan zamanin ruwa ne. Busasshen gindin wannan tafki, a kwarin Bodele na ƙasar Cadi, shi ne yau babbar matattarar ƙurar hunturu, wadda ke rufe Kano, ta wuce Ikko, ta sauka a teku ta zama taki ga tsirran ruwa.

Akwai kuma gargaɗi a cikin wannan tarihi. Lakar tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi, wadda Timothy Shanahan da abokansa suka yi nazari a kanta cikin 2009, ta nuna cewa a cikin shekara 3,000 da suka wuce an sha yin fari na shekara 30 zuwa 40, an kuma yi waɗanda suka ɗauki ɗaruruwan shekaru. Na baya-bayan nan daga wajen 1400 ne zuwa 1750, lokacin da ruwan tafkin ya ja da baya har itatuwa suka tsiro a inda yanzu ruwa ya rufe su. Sun danganta wannan da sauye-sauyen ɗumin Atlantika.

A wajen halittu, Tekun Gini ba shi da manyan duwatsun murjani irin na Bahar Maliya, domin murjani ba ya son sanyi kuma ba ya son ruwa mai laka. Arzikinsa yana bakin koguna. Dajin nan mai tsirowa cikin ruwan gishiri, mai saiwoyi kamar ƙafafun gizo, babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawansa, kuma a cikin saiwoyinsa ne jatan lande da kaguwa da kifin bonga suke renon 'ya'yansu. A nan ne kuma ayu yake kiwo, dabbar da masuntan Binuwai da na Yawuri suka sani sarai, domin tana hawa kogi har can cikin ƙasa. Daga Yuli zuwa Oktoba manyan dabbobin nan masu siffar kifi da ke shayar da 'ya'yansu nono, waɗanda tsawon ɗaya yakan kai mita 15, suna tasowa daga tekun ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya su zo su haihu a ruwan Gabon da Sawo Tome. A rairayin Gabon ne kuma kunkurun teku mai bayan fata, wanda ya fi kowane kunkuru girma, ya fi yin ƙwai a duk duniya, kamar yadda ƙidayar da aka buga cikin 2009 ta nuna.

Amma gaɓar Nijeriya ba ta samu rabon ruwan sanyin da Gana ta samu ba, saboda haka tekunta bai kai na Gana ko na Senegal yawan kifi ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kifin ƙanƙara da ake soyawa a Sabon Gari, irin su titus da kote da fanla, galibinsa daga tekuna masu sanyi ake shigo da shi. Ɗan abin da ake da shi ɗin ma ba a bar shi lafiya ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar da malalar mai ta yi wa ƙasa da ruwa da daji zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Su ma mutanen Gana arzikin nasu ya sha girgiza. Cikin 1972 sun kama sadin da ba su taɓa kama irinsa ba, shekarar da ta biyo baya kifin ya yi ɓatan dabo, wani kifi mai taurin fata da ba a saba ci ba ya cika ruwan har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Sadin ya dawo, amma bai daɗe ba. Daga tan 135,000 da ɗoriya cikin 1996, abin da ake kamawa ya faɗo ƙasa da tan 30,000 cikin 2016. Kwalekwale sun yi yawa, ana kunna fitila da dare don a jawo kifi, ga kuma manyan jirage masu jan koma, waɗanda da yawansu kuɗin kamfanonin Sin ne a bayansu, a wancan lokaci suna kwashe ƙananan kifaye su daskarar su sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar teku, cinikin da ake kira saiko. Masuntan da kakanninsu suka hana shiga teku ran Talata don ruwa ya huta, sai da gwamnati ta rufe musu kamun kifi na wata guda cur cikin 2019.

Yanzu kuma ga ɗumamar duniya ta shigo cikin lissafin. A Fabrairu da Maris na 2024 ɗumin tsakiyar wannan teku ya haura digiri 30, abin da ba a gani ba tun da aka fara irin wannan awo da tauraron ɗan Adam a farkon shekarun 1980. Zuwa Yuni da Yuli sai ya huce da sauri har ya yi ƙasa da yadda ya saba. A daminar ruwa ya kutsa can cikin Nijar da Cadi da Mali, a ran 10 ga Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri. Ba teku kaɗai za a ɗora wa wannan ba, tun da madatsar ma tana da nata ciwon. Sai dai ya dace da abin da Christopher Taylor da abokansa suka gano cikin 2017, cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, domin hamada tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Ruwan ya dawo bayan farin 1984, amma da wani hali ya dawo: ya zuba da yawa a yini ɗaya, ya ɗauke na kwanaki.

Hasashen damina da hukumar yanayi ta Nijeriya ke fitarwa a farkon kowace shekara, da wanda masana na ƙasashen yankin ke haɗuwa su fitar tun 1998 tare da cibiyoyin da ke Yamai, kusan duk a kan awon ɗumin tekuna suka dogara. Ranar da za a ce wa manomin Gumel ya yi shuka, da irin da za a ce ya zaɓa, daga waɗannan alƙaluma suke fitowa. Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Ikko tun 1975, ta kuma kafa ma'aikatar harkokin teku cikin 2023, amma da wuya a ji wani wakili daga jihohin noma ya tashi a majalisa ya tambayi nawa aka ware don auna ruwan, kamar dai abin na mutanen bakin gaɓa ne su kaɗai. Na'urori masu iyo da aka ɗaure a tsakiyar Atlantika tun 1997, waɗanda ke aiko da awon ɗumi da gishiri da iska kowace rana, suna yawan lalacewa a Tekun Gini, domin kifin tuna yana taruwa a ƙarƙashinsu, jiragen masunta kuma suna binsa har su tsinke igiyoyin. Ƙasashe uku ne ke biyan kuɗinsu suna aiko da jirgi kowace shekara ya gyara su, watau Barazil da Faransa da Amurka.